Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ake Rage Hayaniya Wajen Naɗar Jita a Situdiyon Gida

Wasiƙun da suka iso mana a wannan watan sun karkata ga batun naɗar sauti a gida, kuma huɗu daga cikinsu a kan jita suke, irin ta katako wadda ba a jona ta da lantarki. Mun gajarta wasiƙun saboda ƙarancin fili, mun kuma ba ta farko amsa mafi tsawo, domin yawancin abin da ke damun sauran yana cikinta.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Kaduna, na mayar da ɗakina ƙaramin situdiyo. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka, da akwatin shigar da sauti mai kafa biyu, da makirfo mai kwandensa. Idan na naɗi murya babu laifi sosai, amma da zarar na naɗi jita sai in ji wani "shuu" a bayan kiɗan, wani lokaci kuma har da gunji mai kauri da ba ya yankewa, musamman idan an tayar da janareta. Na liƙa kiret ɗin ƙwai a bango ɗaya, ban ga wani canji ba. Abokina ya ce makirfona ne mai araha, in tara kuɗi in sayi babba. Kafin in kashe kuɗin nake neman shawararku.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Makirfo mai tsada ya fi naka jin abin da ke cikin ɗaki, saboda haka idan ɗakin ne ke da matsala, abin da sabon zai yi maka shi ne ya ƙara fito da ita fili. Dalilin da ya sa muryarka ke fita lafiya jita kuma ba ta fita shi ne, mai waƙa yakan matso da bakinsa dab da makirfo, yayin da mai jita yakan ajiye shi can nesa don kada ya tsare masa hannu. Jita kuwa dama sautinta mai sanyi ne, don haka sai ka murɗa maɓallin ƙara ƙarfi, wanda masu sana'ar ke kira gen, har kusan ƙarshe. Gen ba ya zaɓe. Yadda ya ɗaga jitar haka zai ɗaga fanka da firji da babur ɗin da ke wucewa a layinku.

Abin da ka kira hayaniya a wasiƙarka aƙalla iri biyu ne, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan aiki, saboda haka sai ka fara rarrabe su. Ka saita komai yadda ka saba, ka zauna riƙe da jitar ka dafe tsirkiyoyinta da tafin hannu, ka naɗi shiru na rabin minti. Daga nan ka lulluɓe makirfon da bargo mai kauri ninki biyu ko uku, ko ka cusa shi tsakanin tufafin da ke rataye, ka sake naɗa ba tare da ka taɓa gen ba. Sannan ka zare cajar kwamfutar daga bango, ka naɗa karo na uku a kan batir. Ka saurari ukun da hedifon ɗaya bayan ɗaya. Abin da bargo ya rage ta iska yake shigowa. Abin da ya ɓace da zare caja ta waya yake shigowa. Abin da ya saura bayan duka biyun, siririn "shuu" mai tafiya bai-ɗaya, shi ne na kayan aikin kansu, kuma a mafi yawan ɗakunan da ake naɗi a cikin gari shi ne mafi ƙanƙanta daga cikin ukun.

Mu fara da abin da ke zuwa ta iska, domin shi ne babba. Kunnen mutum yana sabawa da ƙarar da ba ta yankewa har ya daina lura da ita, amma makirfo ba ya sabo. Fankar silin, da na'urar sanyaya ɗaki, da firjin da ke bayan bango, duk a kashe su kafin a danna naɗi. Wanda aka fi mantawa da shi kuwa shi ne ɗan fankar da ke cikin kwamfutar kanta, wanda ƙararsa ta yi kama da "shuu" ɗin da ka ambata har mutane su ɗora wa makirfo laifi. A zafin bazara fankar nan kusan ba ta hutawa. Ka nisanta kwamfutar da makirfon gwargwadon tsawon wayarka, ka ɗaga ƙasanta don iska ta riƙa shiga, ka kuma rufe duk manhajar da ba ka amfani da ita. Yawancin makirfo masu kwandensa da ake sayarwa don situdiyon gida suna ji sosai ta gaba, suna ji kaɗan ta gefe, ta baya kuma kusan kurame ne. Wannan kurumtar dukiya ce da aka ba ka kyauta: ka juya bayan makirfon ga duk inda ƙarar ta fi fitowa, ko kwamfuta ce ko taga. Ka kuma tabbatar da inda gaban naka yake, domin irin masu faɗin kai ta gefe suke ɗauka, galibi ta ɓangaren da tambarin kamfani yake, kuma ba ƙaramin adadi ba ne na masu koyo ke kaɗa wa bayan makirfo jita suna mamakin yadda sauti ke fitowa kamar daga wani ɗaki.

Zaɓen lokaci ma aiki ne. Da rana akwai injin markaɗe da adaidaita sahu da 'yan makaranta, da yamma kuma janaretocin maƙwabta, sannan rufin kwano yakan yi ƙas-ƙas idan ya fara hucewa bayan faɗuwar rana. Idan ana ruwan sama a kan kwano kuwa, ka ajiye jitar kawai. A unguwanni da yawa lokacin da ya fi shiru shi ne daga tsakar dare zuwa gabanin kiran assalatu, kuma jita ba ganga ba ce balle ta hana maƙwabci barci. Zafi zai dame ka tun da ka kashe fanka ka rufe taga, don haka ka riƙa naɗa a gajeren zango, ka kunna fanka tsakanin zango da zango.

Yanzu ga batun tazara, wanda a ganina ya fi duk abin da za ka saya a kasuwa amfani. A ƙa'idar sauti, duk lokacin da ka rage tazarar da ke tsakanin makirfo da abin kiɗa zuwa rabi, ƙarfin sautin da ke isa gare shi yana ƙaruwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali ƙarar ɗaki tana nan yadda take. Idan makirfonka yana santimita 60 daga jita ka matso da shi zuwa 30, ka ci ribar kusan desibel 6, wato za ka iya rage gen da wannan adadin jitar ta ci gaba da fita da ƙarfinta, hayaniya kuma ta sauka. Tsakanin santimita 15 da 30 ne wurin da ya dace. Sai dai kada ka saita shi a bakin ramin nan da ke cikin jitar, duk da cewa nan ne sauti ya fi ƙarfi, domin iskar da ke cikin akwatin jita tana amsawa ne a wajen kaɗawa 100 a daƙiƙa ɗaya, wato 100 Hz, kuma ramin ne ke fitar da wannan rurin. Ga shi kuma irin makirfon nan yana ƙara wa sauti kauri idan an matso da shi sosai. Idan biyun suka haɗu sai ka sami "bum-bum" da ke danne zaƙin tsirkiya. Ka saita shi wajen firet na 12 zuwa na 14, wato ƙarafan da aka gitta a wuyan jita, daidai inda wuya ya haɗu da jiki, ka ɗan karkata shi zuwa ramin idan kana son ƙarin kauri. Ka sa hedifon, ka riƙa kaɗawa kana matsawa da kujera kaɗan-kaɗan har ka ji inda ya zauna, sannan ka yi wa ƙafafun kujerar alama a ƙasa don gobe.

Kiret ɗin ƙwai kuwa ka cire shi. Ba shi da nauyin da zai tare ƙara, ba shi da kaurin da zai shanye ta, ga shi kuma abincin wuta ne da maɓoyar kyankyaso. Abubuwa biyu mutane ke haɗawa a nan. Hana ƙarar waje shigowa yana buƙatar nauyi da toshe kafofi: bango mai kauri, ƙofa mai nauyi, da cike duk wata tsaga da iska ke bi, domin inda iska ta wuce sauti ma zai wuce. Tawul da aka nannaɗe a ƙasan ƙofa da bargo mai nauyi a kan taga sun fi kiret ɗari. Rage amsa-kuwwar cikin ɗaki kuwa aiki ne daban, yana buƙatar abu mai laushi da kauri. Ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya. Idan ka ji wani "tirrr" na bin tafin, bango biyu masu fuskantar juna ne ke jefa wa juna sauti, kuma ɗakin siminti mai tayil a ƙasa ya fi kowane yin haka. Ka jingina katifa a bangon da ke bayanka, domin nan ne makirfo ke kallo, ka shimfiɗa kafet ko darduma a ƙasa, ka rataya bargo da 'yar tazara tsakaninsa da bango maimakon manne shi. Kada ka zauna a kusurwa, kada kuma ka zauna a tsakiyar ɗaki cif. Ɗakin nan namu mai ƙafa 12 tsawo 12 faɗi yana tara sauti mai kauri a wajen 47 Hz da 94 Hz, na biyun kuma ya faɗo daidai inda jita ke ruri, shi ya sa wasu sautukan tsirkiya mai kauri ke kumbura fiye da 'yan'uwansu. Matsawa da taku ɗaya ko biyu yakan canza lamarin sosai.

Sai gunjin da ka ce yana zuwa da janareta. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar da Gana tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kamar ta Turai, saɓanin ta Amurka mai 60. Idan ta ɗiga cikin hanyar sauti sai ka ji gunji a 50 Hz tare da 'ya'yansa a 100 da 150 da sama. Hanyoyin shigarta sanannu ne: caja marar inganci, da wayar sauti da aka shimfiɗa kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta, da kayan aiki da aka jona a soket daban-daban har wuta ta sami zagayen da za ta bi ta wayar ƙasa. Ka yi amfani da wayar makirfo mai haƙori uku ta XLR, wadda aka ƙera don ta soke ƙarar da ta kwaso a hanya, kuma kada ta wuce tsawon da kake buƙata. Idan dole ta haɗu da wayar wuta, su gitta juna su wuce, kada su jera. Ka jona duk kayan situdiyon a mahaɗar soket ɗaya. Wasu ƙwayayen fitila masu araha da regiletan fanka na lantarki ma suna saka zizar tasu, sai ka riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya kana saurare. Idan inbata kake amfani da ita, ka duba takardarta, domin mai fitar da wuta sumul irin ta layi ta fi mai araha da ke fitar da ita a daddatse, wadda sananniya ce wajen saka ziza a kayan sauti.

Amma mafita mafi sauƙi tana hannunka. Akwatin sauti mai kafa biyu galibi daga kwamfuta yake shan wuta ta USB, shi ne kuma ke ba makirfon bolt 48 da yake buƙata. Ke nan idan ka cika batirin kwamfutar ka zare caja, duk situdiyonka ya rabu da wutar bango, kuma ba ka da dalilin tayar da janareta a lokacin naɗi. Janareta ta hanya biyu yake cutar da kai, ta waya da ta iska, kuma ƙugin injinsa yana bi ta ƙasa ya hau sandar makirfo, abin da bargo ba ya tarewa. Idan na maƙwabci ne ba ka da iko da shi, ka ɗora sandar a kan kafet mai kauri, ka rataya makirfon a mariƙinsa mai roba. Gargaɗi biyu a nan, domin sun shafi rai: kada ka karya haƙorin wayar ƙasa na filogi don kashe gunji, kamar yadda wasu ke ba da shawara, kuma kada ka kulle janareta a wurin da iska ba ta shiga don rage ƙararsa, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Game da gen, ka saita manhajarka ta naɗa a bit 24, wato ma'aunin zurfin bayanan da take adana sauti da su. A bit 16 tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙarfi da mafi rauni kusan desibel 96 ce, a bit 24 kuwa ta kai 144 a lissafi, don haka babu buƙatar ka tura allurar ma'aunin sauti har ta taɓa ja. Ka kaɗa wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, ka saita gen yadda ƙololuwa za ta tsaya wajen desibel 12 ƙasa da sifili, wanda shi ne ƙarshen saman ma'aunin. Bayan naɗi ka sa matacin da ke yanke sautin ƙasa a wajen 70 Hz. Tsirkiya mafi kauri a jita, idan an ɗaure ta yadda aka saba, tana kaɗawa ne a 82 Hz, saboda haka abin da ke ƙasa da 70 ba kiɗanka ba ne, ƙugin mota ne da takun ƙafa.

To, yaushe maganar abokinka za ta zama gaskiya? Kowane makirfo mai kwandensa yana da ƙarar kansa, kuma kamfanoni suna rubuta ta. Audio-Technica AT2020 desibel 20 aka rubuta masa, Rode NT1-A kuwa 5. Bambancin na gaske ne, amma ka auna shi da wannan: Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 1999, desibel 30 ta ɗauka a matsayin shirun da ya dace da ɗakin barci da dare, kuma ɗaki a tsakiyar gari ba kasafai yake sauka zuwa nan ba. Muddin ɗakinka ya fi makirfonka surutu, sabon makirfo ba zai canza abin da kake ji ba. Ranar da ka yi gwajin bargo ka ga bai rage komai ba, ka zare caja ka ga babu bambanci, ranar ce za ka fara tambayar farashi. A ɗaki mai yawan ƙara ma wasu sukan koma ga makirfo marar kwandensa irin Shure SM57, su matso da shi sosai; zaƙin saman jitar yana ɗan raguwa, kuma yana buƙatar gen mai yawa, amma sau da yawa sakamakon ya fi tsabta.

Tambaya: Malam, ina yi muku fatan alheri daga Jos. Nawa ɗakin shiru ne, amma duk lokacin da na sauya riƙo sai yatsuna su yi tsuwwa a kan tsirkiya, ana kuma jin numfashina. Da hunturu abin ya fi muni, har wasu tsirkiyoyin suna ziza. Me zan yi?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, Malam. Tsuwwar daga tsirkiyoyi masu kauri take fitowa, waɗanda aka nannaɗe da siririyar waya, domin yatsa yana gogar tudun nannaɗin idan ya zame. Maganin farko a hannunka yake: ka koyi ɗaga yatsu gaba ɗaya kafin ka matsa, ka sauke su a sabon wuri, kana yi a hankali har ya zame maka jiki. Sababbin tsirkiyoyi sun fi tsuwwa, don haka kada ka sauya su ranar naɗi, ka ba su 'yan kwanaki. Akwai kuma masu siririn lulluɓi a jiki, irin na Elixir, waɗanda ke rage tsuwwar sosai. Da hunturu fatar yatsu tana bushewa ta yi kaushi, sai ka jiƙa su a ruwan ɗumi na 'yan mintuna ka goge su sarai kafin ka fara. Idan duk da haka tana damun ka, ka karkatar da makirfon daga wuyan jita zuwa jikinta, domin wurin nan na firet na 12 da muka yaba a sama shi ne kuma ya fi kwasar motsin hannun hagu. Ban ga dalilin share ta ƙaf ba. 'Yar tsuwwa nan da can tana cikin halin jita, wadda ta fi kiɗan ƙarfi ce abin gyara.

Numfashi kuwa, ka ɗora makirfon daidai tsayin jita ko ka ɗan sunkuyar da shi yana kallon ƙasa, ka riƙa shaƙa ta baki a buɗe maimakon ta hanci. Ka cire agogo da zobe, ka guji riga mai maɓalli a gaba ko shadda mai sitaci da ke ƙara idan ta gogi bayan jita, ka kuma gwada kujerarka kafin ka zauna. Idan kana bin bugun awon lokaci a hedifon, ka yi amfani da mai rufaffen baya ka rage ƙarfinsa, domin yakan tsiyayo cikin makirfo a ji shi a ƙarshen waƙa inda sauti ke mutuwa.

Zizar hunturu daga katako take. Masu ƙera jita suna ba da shawarar a ajiye ta a danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturun arewa kuwa yana saukar da shi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Idan katako ya bushe sai fuskar jitar ta ɗan lotsa, tsirkiyoyi su sauko su riƙa taɓa firet, wani lokaci ma fuskar ta tsage. Ka riƙa ajiye ta a cikin akwatinta a rufe, tare da ɗan soso mai danshi a cikin robar da aka huda, yadda ruwa ba zai taɓa katakon ba. Makirfon ma ka rufe shi daga ƙura, da damina kuma ka ajiye shi da ƙunshin nan mai shanye danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, domin raɓa a kan siririyar fatar da ke ɗaukar sauti a cikin makirfon tana sa shi ƙaras-ƙaras.

Tambaya: Ina gaisuwa daga Maraɗi. Ni ba ni da komai sai wayar hannu. Ƙanena ke kaɗa jita ina naɗa masa, amma duk inda ya sassauta sai hayaniya ta taso, wani lokaci kuma sautin ya riƙa yankewa kamar a cikin ruwa.

Amsa: Muna amsawa, 'yar'uwa. Wayar ce ke yi miki shisshigi. An ƙera ta don magana, shi ya sa take ƙara ƙarfi da kanta idan ta ji shiru, take kuma ƙoƙarin share duk abin da ba murya ba, har da jitar. Ki bar naɗa ta saƙon murya na WhatsApp, domin yana matse sauti sosai. Ki nemi manhajar naɗi da ke ba da damar kashe ƙarin ƙarfi na kai-tsaye da tace murya, ki adana a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti. Ki sa wayar a yanayin jirgin sama, don kada kira ya katse ki, kuma don siginar waya, musamman ta tsohon layin 2G, tana saka "dit-dit-dit" a duk kayan sautin da ke kusa. Kada ki riƙe ta a hannu. Ki ɗora ta a kan matashi, gindinta inda makirfo yake yana kallon mahaɗar wuya da jikin jita, tazarar kamar kamu ɗaya. Sauran abin da muka faɗa wa ɗan'uwanmu na Kaduna game da ɗaki da lokaci ya shafe ki daidai.

Tambaya: Na riga na naɗi waƙoƙi da dama a Zariya, mai jitar kuma ya yi tafiya. Akwai manhajar da za ta wanke su?

Amsa: Akwai, amma ka san iyakarta. Tsakuwa a cikin shinkafa kafin a dafa ake tsince ta. Bayan an dafa sai dai a rage, kuma da ita ake zubar da wata shinkafar. Manhajar Audacity kyauta ce kuma tana da kayan rage hayaniya: za ka zaɓi wurin da babu kiɗa sai hayaniyar zalla, ka nuna mata ta ɗauki samfurinta, sannan ka sa ta cire irinsa daga duk naɗin. ReaFIR na Reaper da Edison na FL Studio suna yin makamancin haka, iZotope RX kuma na kuɗi ne, ya fi su ƙwarewa, har tsuwwar yatsa ɗaya yana iya cirewa. Dukansu sun fi iya ƙarar da ba ta canzawa, kamar fanka ko "shuu"; hon ɗin mota da carar zakara sai an bi su ɗaya-ɗaya. Ka rage desibel 6 zuwa 9 kawai ka saurara, domin idan ka matsa sai jitar ta fara wani ƙyal-ƙyal kamar ana kaɗa ta a ƙarƙashin ruwa, wanda ya fi hayaniyar muni. Wucewa biyu masu sauƙi sun fi ɗaya mai tsanani, kuma ka yi aikin a kan kwafi.

Gunjin wutar layi ana cire shi da siraran matata a 50 da 100 da 150 Hz, amma ka yi hattara da na 100 da 150, domin sun shiga gonar jita. Idan na ƙaramin janareta ne aikin ya fi wuya, saboda injin da ya kamata ya juya sau 3,000 a minti don ya ba da 50 Hz yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, gunjin kuma yana yawo tare da shi har ya fice daga bakin matacin, sai dai manhajar da ke iya bin sawunsa. Ban ba ka shawarar ƙofar nan mai rufe sauti idan ya yi rauni ba, domin tana datse wutsiyar tsirkiya tun ba ta gama mutuwa ba. Ya fi kyau ka yanke shirun farko da na ƙarshe da hannu, ka sa sautin ya sauka a hankali. Idan za ka ɗora murya da wasu kayan kiɗa a kai, ka saurari jitar a cikinsu kafin ka yanke hukunci, domin hayaniyar da ke damun ka idan tana ita kaɗai sau da yawa ba a jin ta a cikin haɗin. Kuma daga yanzu, kowane zama ka naɗi daƙiƙa 10 na shirun ɗakin kafin a fara kaɗawa, da gen ɗin da za a yi aikin da shi, domin shi ne samfurin da manhajar za ta nema.